Goyon Goro

Ni nake ɗaure masa ƙugu, da hannuna, kusan kullum har damina biyu. Ban taɓa gaya wa 'ya'yana wannan ba. Yanzu da na shiga ajin manya da furfurata na iya riƙe alƙalami, gara in rubuta su karanta da kansu.

Lokacin unguwar Sabo ba ta daɗe da kafuwa ba, duk Bahaushen da ya sauka birnin Badun na ƙasar Yarbawa, nan ake nuna masa. Mijina ɗan dako ne, da gammonsa ya zo daga arewa. Uban gidansa, wani babban fatoma mai saukar da fataken goro, ya ga yana da ƙarfi da riƙon amana, sai ya sayi keke ya ba shi, ya riƙa shiga ƙauyukan Yarbawa bayan Ojo har wajen Akinyele yana ɗauko goro.

Hanyar ƙauyukan nan 'yar siririya ce ta masu ƙafa, duk saiwoyi da duwatsu da kwazazzabai. Wani rafin ma gungume ɗaya aka gitta a kai. Shi kuwa goro ba ya son jijjiga. In ya bugu a cikin huhu ba za ka gani ba a ranar, sai ya hau jirgi ya kai Kano a kwance ganye a tarar duk ya yi tabo. Sauran masu keke a kariya, bayan sirdi, suke ɗaurewa, nasu yakan bugu. Mijina sai ya yi dabara irin ta ɗan dako: ya goya ƙaramin huhu a bayansa kamar jariri, ya miƙe tsaye a kan feda, ba ya zama a sirdi. In ya zo saiwa ya ɗaga tayar gaba ya tsallake, in ya zo gungume ya bi ta kansa bai sauka ba. Duk wani bugu gwiwarsa da kwankwasonsa ke shanyewa, goro ya iso lafiya lau.

Sabo ta ɗauka. In ya shigo unguwa masu tsintar goro su yi ta ihu, "Ga mai jego nan! Yaushe suna?" Shi kuma ya ce, "Ku tanadi rago, ni dai na haihu." Uban gidansa ya riƙa nuna shi ga baƙi. Ni ma, kada in yi ƙarya, kaina ya kumbura.

Ciwon ya fara da sanyin safiya. Sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Ya ce in ɗauko majanyina in ɗaure masa ƙugu tamau. Yakan juya baya, in sa gwiwata a kwankwasonsa in ja har ya ce ya isa. Daga baya ya daina zuwa masallaci sallar asuba, wai sanyi. Ni na san dalili, ruku'u ne ba ya iyawa, kuma ba ya son a gani.

Wanzamin unguwarmu tsoho ne mai barkwanci. Ya zo ya yi masa ƙaho huɗu a baya, yana zuba baƙin jini a kasko. Da ya matsa masa cinyar hagu, mijina bai motsa ba. Ya sake matsawa. Daga nan tsohon ya daina wasa.

"Tun yaushe ƙafar nan take mutuwa?"

"Wani lokaci ne kawai, Baba."

"To ka ji. Ciwon ya bar nama, ya shiga jijiya. Ka sauka daga doki mai ƙafa biyun nan wata uku. In ka ƙi, wata rana a kwando za a kawo ka."

Kwana biyar da yin haka, saƙo ya zo da hantsi: akwai farin goro mai kyau a wani ƙauye gaba da Akinyele, uban gida ya ce ba wanda zai ɗauko sai shi. Ya shigo ɗaki ya juya mini baya kamar kullum.

Na ce, "Malam, ba zan ɗaure ba."

"Ke, ɗauko majanyi."

"Ka je ka gaya masa ba ka da lafiya. Bakinka ciwo yake yi?"

"In ce wa mutumin da ya sauke mini gammo daga ka ba zan iya ba? A Sabo? Gobe a ba wani keken, a ce mai jego ya yi ɓari?"

"A ce! Su da suke faɗa, su za su ɗauke ka zuwa bayan gida?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki majanyin ya fara naɗawa da kansa, a karkace, sako-sako. Na tsaya ina kallo. Na san zai tafi ko na ɗaure ko ban ɗaure ba, kuma in ya tafi da wannan ɗaurin ko Ojo ba zai kai ba. Na fizge, na sa gwiwa, na ja. Ina ja ina zaginsa a zuci, ina zagin kaina.

Yakan dawo kafin la'asar. Aka yi la'asar shiru. Na ɗora tuwo na sauke, na share tsakar gida da na riga na share. Rana ta yi ja, sai na ji ƙarar sarƙar keke a ƙofar gida, na leƙa ta zana. Wani manomi Bayarabe ne yake turo shi, huhu ɗaure a sirdi. Bayansa mutum huɗu ɗauke da ƙyauren ƙofa, mijina a kwance rub da ciki. Wata dattijuwa mai sayar masa da goro tana biye, tana ta cewa "Pele, pele," wato sannu. Da 'yar Hausarta ta ce bai faɗi ba. Ya haye gungume, ya sauko da tayar baya, sai ya sandare a tsaye ya rungume wata bishiya. Ko da suka zo, abin da ya fara ce musu shi ne su kwance goron a hankali.

Aka shimfiɗe shi a zaure. Uban gidan ya zo da mutanensa, ya yi salati, ya yi masa sannu. Sannan na ga ya sunkuya ya ɗaga ganyen huhun, ya zaro goro ɗaya yana juyawa a haske.

Matar aure a Sabo ba ta shiga zaure da maza a ciki. Ban san lokacin da na shiga ba, ko mayafi babu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya yake? Goron nake nufi. Ko tabo babu, ko? To ga inda tabon ya tafi, a kwance gabanka."

Wani ya ce, "Subhanallahi, ku mai da ita ciki!" Mijina daga ƙasa ya ce, "Ki yi shiru, don Allah." Uban gidan ya mai da goron, bai dube ni ba, ya ce a kira wanzami.

Tsohon ya zo, ya yanke majanyin da aska. Ya ga shatin ɗaurin ya nutse a fata, ya ɗago ya dube ni. Ya koma wajen ƙafafun, ya ce kowa ya yi tsit. Ya soka tsinin aska a tafin dama, ƙafar ta zabura. Ya koma ta hagu, ya soka a dunduniya. Ba motsi. A tsakiyar tafi, ba motsi. Ya kama babban yatsa ya soka a gindin farce, da ƙarfi, har jini ya fito.

"Wash! Baba, kashe ni za ka yi?"

Wanzamin ya goge askarsa a gwiwa. "Alhamdu lillahi. Zage ni da kyau, ɗan nan."

Wata huɗu ya yi a kan tabarma, a ƙasa mai tauri, ni ke juya shi. Ya tashi da sanda, yana jan ƙafar hagu, haka kuma ya yi ta ja har ya koma ga Allah. Uban gidan ya ba shi wuri a rumfar masu tsintar goro, aikin zaune. Ranar da ya fara fita, daga ƙofarmu zuwa rumfar bai fi taku ɗari ba, sai da ya huta sau uku. Na tsaya a bayan zana har na ga ya kai.