Ranar da Na Bar Layin Surukina

Shekarar da jam'iyyarmu ta nemi wanda zai tsaya mata takarar majalisa a yankinmu, mutum bakwai ne suka fito. Lokacin ina da 'ya'ya biyu, ina noman auduga da dawa a wani ƙauye bayan Dayi. Mutanen garin suka zaɓe mu mu biyu, ni da kawuna, mu je Malumfashi mu yi magana da yawunsu. Kawu Bamaguje ne, bai taɓa barin addinin kakanni ba, amma ko liman ba ya yanke shawara a garinmu sai ya ji ta bakinsa.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, cikin bakwai ɗin akwai surukina, mahaifin matata. Dillalin shanu ne, mutumin kirki, sai dai sunansa bai wuce kasuwanni uku ba. Wanda kowa ke ambato wani Alhaji ne daga Funtua, mai manyan motocin ɗaukar auduga. Ni kuwa raina yana kan wani malamin gona da ya ajiye aiki. Shi ya koya mana noma da garmar shanu, ya yi damina biyu yana zuwa gonakinmu a kan keke.

Aka taru da hantsi a wani fili mai inuwar tsamiya. Shugaban taro ya ce kowane ɗan takara zai yi magana, sannan kowane wakili ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga. Masu gajeren layi su janye, a sake.

Alhajin Funtua ya yi alkawarin hanya da rijiyoyi, aka yi ta tafi. Da aka ba da damar tambaya, kawu ya miƙe, ya dogara sandarsa.

"Alhaji, ka ce za ka yi mana hanya. To, in ka bar Dayi za ka garinmu, ka iso rafi, ina za ka bi?"

Alhaji ya yi murmushi. "Dattijo, ai direba ne ya san wannan."

Kawu ya juya ga malamin gona. "Kai fa, Malam?"

"In rani ne, a miƙe. In damina ce, sai a gangara ƙasan kukar nan mai rami, a naɗe wando, a ɗora keke a ka. Sau biyu ruwan yana kwashe mini hula."

Wurin ya kaure da dariya. Amma dariya ba ita ce ƙuri'a ba. Da aka ce a ja layi, bayan Alhaji ya cika har bakin hanya. Mutanen ƙauyuka kuma suka rarrabu, kowa bayan ɗan uwansa. Ni ma na sunkuyar da kai na tsaya bayan surukina. Mu goma sha ɗaya ne kacal. Kawu yana layin malamin gona.

Mutum huɗu suka janye, saura uku: Alhaji, malamin gona da surukina. Aka tashi sallar azahar. Ina alwala na gane in muka ci gaba da tsayawa a inda muke, Alhaji ya ci ke nan.

Bayan sallah na sami surukina yana lazimi. Na tuɓe takalma, na durƙusa nesa kaɗan. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Baba, ina neman afuwa."

"Faɗi."

"Garinmu ne ya aiko ni, ba kaina na kawo ba. Da fari na tsaya bayanka don kunya. In aka sake, zan koma bayan Malam."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Kai ne ka yi wannan tunani, ko kawunka?"

"Ni ne, Baba."

"Tashi ka je."

Ban san ko fushi ne ba. Da aka sake kiran layi na taka na tsaya bayan malamin gona. Wani a layin Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Yau wani zai kwana ba tuwo!" Aka yi dariya, ban ɗago ba.

Surukina ya fito tsakiyar fili, mutanensa goma suka jeru a bayansa. Ya waiwaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara babbar rigarsa, ya tako a hankali, ya zo ya tsaya a bayana. A bayana, ni da nake durƙusa masa! Mutanensa suka biyo shi duka. Ganin haka, wasu wakilan wajen Bakori da suka tsaya suna wasiwasi suka taho su ma.

Sau biyu aka ƙirga, domin mutanen Alhaji ba su yarda da na farko ba. Malamin gona ya ci da mutum huɗu. Wurin ya ɗauki sowa. Kawu, wanda ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ya cilla sandarsa sama ya rungume limamin wani ƙauye, suka yi ta juyi kamar yara. Alhaji ya zo ya ba malamin hannu, ya ce motarsa ɗaya za ta mayar da mu har Dayi.

A bayan motar muka tsaya, muna waƙa, mutane a gonaki suna ɗago mana hannu. Surukina yana gaba tare da direba. Da muka sauka ya kira ni gefe.

"Ka gaya wa yarinyar nan ta yanka zakara," in ji shi. "Gobe zan zo cin abincin rana."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da matata a bakin zaure riƙe da tsintsiya, ba ta amsa sallamata ba. Na isar mata da saƙon mahaifinta. Ta dube ni, ta dubi kajin da ke kiwo a tsakar gida, ta ajiye tsintsiyar.

"Jan ko farin?" ta ce.