Yatsun Kakana

Har yau in na ji cokali yana kankare gindin kwano, sai in tuna kakana. A gidanmu na Agege kowa da hannu yake cin tuwo, maza a tire ɗaya, mata a ɗaya. Shi kaɗai ne mai cokali, shi kaɗai kuma a ƙofar ɗakinsa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina 'yar shekara tara. Kakana ya daɗe da barin aiki a wani asibiti a Ebute Metta, inda yake ɗaukar hoton ƙashi. Yatsunsa na dama sun ƙeƙashe, fatar ta tsattsage, biyu an yanke su. Mutanen gida suka ce kuturta ce, kuma mutanen gidanmu in sun yanke hukunci, likita ma sai dai ya yi haƙuri. Aka ware masa kwano da kofi. Mahaifiyata ta ja mini kunne kada in karɓi komai daga hannunsa.

Ni kaɗai nake zama wurinsa, nesa-nesa, don yana da labari. Ya fi son na wani Bajamushe masanin kimiyya, cikin waɗanda suka fara aiki da hasken nan mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Wai kullum da hannunsa yake gwada na'ura, har hasken ya cinye masa yatsu.

"Ni yara nake riƙewa," in ji kakana. "Yaro in ya motsa, hoto ya ɓaci. Sai in kori iyayen waje, in riƙe shi da kaina."

Na ɗauka tatsuniya ce.

Wata rana da damina aka kawo nama daga mayankar Oko-Oba. Kakana ya tsamo tsoka daga miyarsa, da hannu, ya miƙo mini. Na ɓoye hannuwana a baya. Ya ɗan jira, sannan ya mayar da ita kwano.

"Haka mamanki ta ce, ko? Ba komai, jikata."

Bai ƙara miƙo mini komai ba har ya rasu.

Bara na kai ɗiyata hoton ƙirji. Yanzu aikin ya canza: aka sa mini riga mai nauyi ta dalma, ma'aikaciyar kuma tana shirin shigewa bayan bango. Na tambaye ta ko ana ɗaukar ƙunar hasken nan daga jikin wani. Ta ce ko kusa, wanda ya tsaya a cikinsa kaɗai yake ci. Na riƙe yarinyar ina hawaye, ma'aikaciyar tana ta lallashina wai kada in ji tsoro.