Mai tankar da ya kai wa kafilinsa kwaɗo a buta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habu, direban tankar ruwa, wanda mutanen unguwar Hindawiyya a Jidda suka fi sani da Baban Kwaɗi. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Ni ce dai na daɗe ina jin kunyarsa.

Daga Damagaram muka zo aikin Hajji, muka zauna. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har Allah ya haɗa shi da wani dattijo ɗan kwangila, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya zama kafilinsa mai tsaya masa a ƙasar, ya ba shi mota. Da dattijon ya samu aikin gini a duwatsun da ke gaba da Ɗa'ifa, sai ya tura shi can jigilar ruwa. Ranar Alhamis kawai muke ganinsa.

A shekarar ruwan sama ya yi ƙaranci, ƙoramar da suke ɗiba ta ƙafe, saura gurbi ɗaya. Shugaban leburori ya ce wa Malam ya zura tiyo ya zuƙe shi. Malam ya leƙa, ya ga wasu kwaɗi koraye shar, kowanne bai fi babban yatsa ba, sun manne a jikin duwatsu, 'ya'yansu fal cikin ruwan. Sai ya naɗe tiyonsa ya gangara wata rijiya mai nisa. Sawu biyar da yake yi a wuni ya koma uku. Ba a yi mako ba ƙara ta iso Jidda.

Da ya gaya mini kafili na nemansa, na ajiye ludayi na ce, "Malam, 'ya'ya huɗu gare mu. Saboda kwaɗo za a mai da mu gida?"

Ya ce, "Addini ma ya hana kashe shi, Hajiya. Kuma da kin gan su, da ba ki ce haka ba."

Ashe ya taho da ɗaya a butar shayi, ya shimfiɗa masa jiƙaƙƙen gansakuka. Da safe ya ɗauki butar ya tafi ofis, ni kuwa na fara lissafin abin da za mu iya ɗauka a jirgi.

Dattijon ya yi faɗa son ransa, sannan ya tambayi dalili. Malam ya buɗe murfi. Kwaɗon nan ya yi tsalle ya sauka a kan farar jallabiyar kafili. Dattijo ya ƙura wa kwaɗon ido, can sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ashe shi ma ɗan duwatsun ne. Ya ce yana yaro kukan irin waɗannan ke sanar da su inda ruwa mai kyau yake, kuma rabonsa da ganin ɗaya tun kafin ya yi aure.

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Habu. Ɗebo a rijiya. Yalla, mai da shi gidansu kafin zafin Jidda ya kashe shi." A ranar Malam ya koma kan dutse, butar na kujerar gaba.

Bara babban ɗanmu ya kai ni wurin, karo na farko a rayuwata. An yi kwalta har bakin ƙoramar. Injinan ban ruwa na ta ruri, masu lambu na feshin magani, ledojin masu yawon shan iska sun maƙale a kowane reshe. Wani makiyayi ya ce yanzu sai an hau can sama ake jin kukan kwaɗin. Na tambayi kaina me Malam zai ce. Na san ba zai yi dogon wa'azi ba. Nannaɗe wando zai yi ya fara tsintar leda, yana tsokanar kowa har a taya shi.

Muna nan sai ga wani saurayi ya shigo da motarsa cikin ruwan, ya fito da sabulu. Ban san lokacin da na miƙe ba, da ciwon gwiwata da komai. Da Larabcina na kasuwa na ce masa akwai masu gida a ruwan nan, ya fitar da motar. Ya dube ni, ya dubi ɗana da ke ɓoye dariya, ya ce, "To, ya hala," wato inna, ya ja da baya.

Malam bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Ya bar 'ya'ya huɗu masu tsayawa a kan abin da suka ga daidai ne ko da ana musu dariya, da tsohuwa ɗaya da ta gane karatun a makare. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi ruwan Aljanna.