Mai Tsintar Riɗi a Dokki

Duk ranar da aka kira taro a wani otal da ke unguwar Dokki kan yadda baƙin kamfanoni za su shigar da kaya Japan, sai Kulu mai tarbar baƙi a ƙofa ta gan shi. Dattijo ne, Bahaushen Sudan, jallabiyarsa ta koɗe amma ta sha guga. Ba ya shiga zauren. Benci yake samu a baranda, ya shimfiɗa farin hankici a cinya, ya zuba riɗi yana tsincewa ƙwara-ƙwara.

Yau ta kai masa shayi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "'Yata, mutanen can tsakuwa ɗaya suka gani a buhu, khalas, shi ke nan, kwantenar gaba ɗaya za su dawo maka da ita."

Kulu ta ajiye shayin a gefensa. Jikinta ya ba ta tasa kwantenar aka taɓa dawowa da ita, ɗauke da noman mutanen ƙauye guda da suka yarda da shi.

An tashi taro, ya ƙulle riɗin ya sa aljihu. Amma yatsunsa suna nan kan cinya, suna ta neman tsakuwar.