Saniya Mai Ladabi

Shekara goma sha tara Akawu ya yi yana shaidar lafiyar shanu, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa sa hannu a jikin saniya ba. Tsarin aikin ne ya zo da haka. Ofishinsa yana hawa na biyu a ginin hukumar mayankar birni, taga ɗaya gare shi, ita ma tashar mota take kallo. Shanu su shigo ta ƙofar baya, mai dubawa ya duba, takarda ta hau sama, Akawu ya rubuta "lafiyayya" ya buga hatimi. Ranar da takardu suka yi yawa har mai dubawa ya kasa gamawa, Akawu yakan taimaka masa ya riga shi gamawa.

A birnin aka haife shi, a ɗakin haya da ke saman shagon mai facin taya, don haka da ƙarar guduma aka yaye shi. Yana tsallake titi mai layi shida yana amsa waya. Ba ya tsoron mai babur, ba ya tsoron mai gidan haya. A cikin dabbobi kuwa ɓera ya fi sani, sai kyanwar maƙwabta.

Yana da shekara arba'in da shida da 'ya'ya huɗu hukuma ta fito da sabuwar doka: duk ma'aikacin sashen da ba shi da takardar shaidar ilimin lafiyar dabbobi, ko dai ya je ya samo ta, ko ya tashi ya ba mai ita kujera. An samo masa gurbi a wata kwalejin koyon kiwo, tafiyar wuni guda daga birni. A ƙasan wasiƙar an yi masa bayani cikin girmamawa cewa wanda aka kora daga kwalejin, ko ya faɗi, ba sai ya wahalar da kansa ya dawo ofis ba.

"Baban yara, shanu ne fa, ba zakuna ba," in ji matarsa tana ninke masa riguna.

"Kin taɓa ganin ƙahonsu kusa?"

"Kai da kake aikinsu shekara da shekaru kake tambayata?"

Ya ce ta ƙara masa safa.

Mota ta ajiye shi inda kwalta ta ƙare, babur ya ƙarasa da shi. Abin da ya fara tsorata shi a kwalejin shi ne shiru. Babu hon, babu janareta, babu mai talla. Kunnuwansa suka yi ta lalube ba su kama komai ba sai bugun zuciyarsa. Hanyoyin wurin duk sawun ƙafa ne cikin ciyawa mai kaiwa gwiwa, kuma kafin ya tsallake kowace sai ya duba hagu da dama, alhali ba abin da ke bi ta nan sai zabi. Ɗakin kwanansu gado huɗu ne. Abokan zamansa sa'annin babban ɗansa ne, suka sa masa suna Baba, suka bar masa gadon ƙasa. Waya ba ta kamawa sai a gindin tankin ruwa.

A aji kam ba wanda ya kama ƙafarsa. Rubutunsa kamar na inji, jadawali kuwa abincinsa ne. Matsalar tana waje. Garken kwalejin, shanu sittin da wani abu, safe da yamma yake ratsa hanyar da ke tsakanin ɗakin kwana da aji. Akawu ya haddace lokacin fitarsu da dawowarsu fiye da lokacin darussansa. Yakan isa aji awa guda kafin kowa, har malamai suka riƙa ba da misali da shi wajen himma.

Sau ɗaya lissafin ya kuskure masa. Hadari ya haɗo, makiyayin kwalejin, wani tsoho mai sanda, ya dawo da garken da wuri. Akawu yana tsakiyar hanya ya ji ƙasa tana motsi. Ya waiwaya ya ga ƙahoni sun cika hanya daga gefe zuwa gefe. Babu kwata da zai tsallake, babu shagon da zai faɗa. Ya rungume turken wutar lantarki ya rufe ido. Shanun suka rabu biyu suna wucewa, yana jin hucinsu a gadon bayansa, yana jin ƙahoni suna karo da juna saitin kunnensa. Wata ta goge shi da haƙarƙari, ya ji nauyin da bai taɓa tunanin abu mai rai yana da shi ba. Da suka wuce sai da tsohon ya ɓamɓare masa yatsu daga jikin turken.

"Ɗan birni, sake shi haka nan. Ba inda zai je."

A mako na bakwai aka shiga aikin hannu. Kwalejin ta sayo shanu goma sha biyu daga kasuwa, kuma ƙa'ida ce sabuwar dabba ta yi kwana goma sha huɗu a keɓe kafin a haɗa ta da garke, kada ta shigo da cuta. Likita, malamar da ke koyar da darasin, mace ce marar yawan magana. Ta ce kowane ɗalibi a rukuninsu ya zaɓi saniya guda. Shi zai ciyar da ita, ya shayar da ita, ya auna zafin jikinta safe da yamma ya rubuta a kati. Katin shi ne jarrabawar. Ta nuna musu yadda ake yi: a ɗaure ta a turke, a tsaya a bayanta, a ɗaga wutsiya, a saka ma'aunin zafi, a jira.

Akawu ya tsaya a bayan kowa yana nazarin shanun. Goma sha ɗaya suna ture juna, suna fizgar igiya, suna kaɗa kai. Guda ɗaya, wata ja mai lamba tara a kunne, ta koma gefe ita kaɗai, kanta a ƙasa, ba ruwanta da kowa. A ofis ya san irin waɗannan: masu ladabi, waɗanda ba sa ɗaga murya. Ya yi sauri ya ɗaga hannu kafin wani ya riga shi. Ya kuma roƙi a ba shi rumfar ƙarshe, wadda ke bayan ɗakin ajiyar harawa, ya ce ya fi son wuri mai natsuwa.

Kwana biyar suka yi cikin zaman lafiya. Ta saman shinge yake jefa mata harawa, bokitin ruwa kuma ya tura shi da sanda ta ƙasa. Harawar tana taruwa ba ta ci, ya ce a ransa ba ta da haɗama. Sai ya jingina da shingen ya buɗe littafi, inda aka rubuta cewa zafin jikin saniya lafiyayya talatin da takwas da rabi ne, ya kwafe a kati da kyakkyawan rubutu. Ma'aunin yana aljihunsa, ko daga kwalinsa bai fito ba.

Safiyar kwana na shida Likita ta yi darasi a kan alamomin rashin lafiya. Tana faɗa, suna rubutawa. Dabba marar lafiya takan ware daga 'yan uwanta. Takan sunkuyar da kai. Takan bar ci, ta daina tuƙa. Hancinta ya bushe, gashinta ya tashi. Akawu yana rubutu yana jin daɗin yadda layukan suka jeru, sai a layi na huɗu biro ya tsaya. Ya ga kamar Likita ta leƙa rumfarsa ne take karanto abin da ta gani.

"Wadda ta kai kwana biyar a haka ba a kula ba," in ji ta, "sai dai a nemi wuƙa. Wanda kuma ya rubuta mini abin da bai auna ba, ya ɗaure kayansa tun kafin in kira shi."

Ana tashi ya nufi tankin ruwa ya kira gida. Ya faɗa wa matarsa komai, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To ka je ka faɗa wa malamar mana."

"Korata za ta yi."

"In saniyar ta mutu da takardarka a wuyanta fa, lambar yabo za su ba ka?"

"Ke ba ki gane ba. Kafin in je sai na auna. Sai na shiga ciki."

Ta ce, "Ai ka ce ba ta da ƙarfin ɗaga kai. Shiga yanzu, Baban yara, tun kafin ta samu."

Ya san yadda ake gyara takarda ta koma sabuwa, kuma a hanya ya yi wannan tunanin. Amma gyaran kati ba zai tayar da saniya ba, kuma duk lambar da ya ƙirƙira, Likita za ta zo da nata ma'aunin.

Rana ta take, ɗalibai duk sun tafi cin abinci. Ya tsaya a ƙofar rumfar ya fi minti goma hannunsa a kan sakata. Da ya buɗe, ƙarar ƙarfen ta sa saniyar ta juyo da ido ɗaya, ja, mai ruwa. Daga ciki ta fi girma. Ƙahonta na hagu ya kai tsawon hannunsa, tsininsa yana sheƙi. Ya tura ƙofar bai rufe ba, ya bi jikin shinge da baya, takalminsa na ofis yana nutsewa a kashin shanu. Igiyarta tana ƙasa. Kafin ya ɗauka dole ya sunkuya, ƙeyarsa ƙarƙashin bakinta. Ya sunkuya. Hucinta ya sauka a wuyansa, zafi kamar na bakin murhu. Sau uku igiyar tana zame masa kafin ya ɗaure ta a turke.

Ya zagaya bayanta. A nan ƙafafun suke, kuma ya karanta a littafi abin da kofato ke yi wa gwiwar mutum. Ya kama wutsiyar, ya ji ta da nauyi da ɗumi. Ta motsa ƙafa ɗaya, ya saki komai ya manne da shinge. Ba ta yi komai ba, gyara tsayuwa ta yi. Ya dawo, ya ɗaga, ya saka ma'aunin, ya tsaya yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Da ya zaro, ya ɗaga shi ya karanta. Arba'in da ɗaya da ɗigo biyu.

Ya sami Likita a ofis. Ya ajiye katin a gabanta, ya faɗi lambar. Ta dubi katin ta daɗe.

"Talatin da takwas da rabi. Safe da yamma, kwana biyar. Malam Akawu, ko agogon bango ba ya wannan riƙon amana. Da me ka auna?"

"Da littafi, ranki ya daɗe."

"Ta yau fa?"

"Da hannuna."

Ta dubi hannun, ta dubi takalmin. Ta ɗauki jakarta ta fita, ya bi ta a baya. A rumfar ta sake aunawa, ta duba dasashi da ido, ta tsince kaska daga kunne da hantsa, ta yi allura biyu. Shi kuma yana tsaye yana lissafin yadda zai shiga gida da akwati. Sai da ta wanke hannu ta yaga katin gida biyu ta miƙa masa sabo.

"Da ka kai gobe, da kai da ita kun tafi tare. Kwana goma sha huɗu daga farko, ita ɗin dai. Baba makiyayi zai tsaya a bayan shinge ya gani da idonsa, safe da yamma. Ka tsallake awo ɗaya, ka tafi gida."

Allurar ta yi aiki. A kwana na biyu saniyar ta fara ci. A na uku ta soma tuƙa, ta ɗaga kai, sai ga shi ta fi Akawu tsawo. A na huɗu ta gano ba ta son a taɓa mata wutsiya. Kullum zafin jikinta yana sauka, na Akawu yana hawa. A kwana na shida, yana ɗaga wutsiyar, ta juya gindi ta haɗa shi da shinge, har ya ji katako yana ƙara a bayansa, numfashi ya ƙi fita. Da ta sake shi ya zube, ma'aunin ya karye a ƙarƙashin kofatonta.

"Alhamdu lillahi, ta warke," in ji tsohon daga waje. Ya laluba aljihu ya miƙo wani ma'aunin ta saman shinge. "Likita ta ba ni uku. Tashi, ɗan birni, ba ka auna ba tukuna."

Ya tashi. Ya auna ranar, ya auna sauran kwana takwas, da haƙarƙari ɗaure da bandeji. Lambobin katin suka fito a karkace, wasu da tabon kashin shanu a kai. Likita ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta sa hannu, aka kora mai lamba tara cikin garke.

Akawu ya yi godiya ya juya zai fita, ta kira shi.

"Ka sayi takalmin roba kafin a dawo hutu. Zangon gaba na bijimai ne."