Mai Goge-goge da Allurar Gwaji

Wata mata na tsaye a ɗakin masu ciwon daji, ga kujera amma ta ƙi zama. Gajeriya ce, mayafinta ya koɗe, tafin hannunta duk ya tsattsage. Da gani ruwan sabulu da tsumma ne suka cinye shi, wataƙila ma a asibiti irin wannan. Mijinta yana kan gado, ya rame har zobensa na yawo a yatsa.

Karo na uku ke nan nas tana yi mata bayani. Allurar gwaji ce, wani sinadari ne aka ciro daga jikin ƙwayar cuta, ba shi da rai, aikinsa ya tashi sojojin jiki su far wa dajin.

"Ke 'yar nan, rufe min baki!" in ji matar. "Shekara talatin ina durƙushe ina kashe ƙwayoyin cuta, yau ku ce za ku ɗura wa uban 'ya'yana? Don kun ga ba mu da kowa?"

Mijin ya ce a hankali, "Haba maman yara, na riga na sa hannu. Sauran magungunan ai sun gaza."

Ta galla masa harara. Sai ta fizge audugar hannun nas, ta goge damtsensa sau uku kamar mai alwala, har ya yamutsa fuska.

"Na waje dai na kashe su," ta ce. "Yi bismillah ki soka. Na ciki kuma, ke da Allah."