Motar Baffa da Maƙeran Matameye

Jiya da rana ina kwance a ɗakin wani abokina, sai tsaka ta yi kuka daga cikin azara, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Ban san lokacin da na tashi zaune ba. A wurinka ƙila kukan tsaka ne kawai. Ni kuwa na taɓa cinye bazara guda ina roƙon Allah in ji irin wannan ƙarar, a gidanmu na Matameye, tun Nasara ba su tafi ba.

Ƙarar da nake nufi ta motar Baffa ce, ƙanen babana. Wani Bature mai sayen gyaɗa a Kano ya yar da ita bayan ta mutu, Baffa ya sa babbar mota ta jawo ta har gida. Ta zauna daidai inda kakanmu, wanda kowa ke kira Tsoho, yake son kafa sabon rumbu. Damina ta wuce a kanta, girbi ya wuce, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Baffa ya ɗinke tayoyi, ya sa baduku ya yi wa kujeru sabuwar fata, ya ɗauko batir daga Damagaram. In ya fita, samari su ce ga direban inuwa nan, yaushe za a kai mu Makka?

A lokacin na gudu daga lakwal, makarantar boko, don benci ba ya riƙe ni. Babana ya daina yi mini magana. Baffa kaɗai ne bai yi mini faɗa ba, ya miƙo mini kile, ƙarfen kwance noti, ya ce in riƙe. Tun daga nan inda yake nan nake.

Da hadari ya fara leƙowa daga gabas, Tsoho ya yanke magana a zaure. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa, in motar ba ta fita da ƙafarta ba, maƙera za su zo su sare ta su yi garma da hauya. Baffa bai ɗaga kai ba. Sai da muka koma gindin motar ya gaya mini cewa ranar da guduma ta taɓa ta, zai bi hanyar Kurmi, kuma garin nan ya gama ganinsa. Na leƙa ɗakinsa na ga har ya ɗaure kayansa a tabarma.

Abin haushin, injin lafiyarsa lau. In Baffa ya ɗiga masa isansi, wato fetur, a baki, sai ya yi gurnani har kaji su watse, sannan ya mutu. Famfon da ke jawo mai daga tanki ne ya ƙi. Irin mai aiki da wuta ne, da an murɗa makulli ya kamata ya yi ƙyas-ƙyas ɗin nan. Namu shiru.

Baffa ya fara da batir, fitilu suka kama tas. Ya zaro fis ya ɗaga shi a rana, bai tsinke ba. Ya ɗaura wa wani ƙaramin ƙwan fitila waya, yana bin hanyar wutar yana taɓawa, ƙwan na kamawa har bakin famfon. Wuta na isowa ke nan. Ya ƙwanƙwasa famfon da kile, ya ɗan motsa kamar mai magagin barci, ya koma. Da tsakar rana, in ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yakan farfaɗo kaɗan. Da safe kuwa kamar dutse. Wani direba ɗan Dungu ya zo ya duba, ya ce sai sabo daga Kano, kuma ba lokacin zuwa Kano. Matan gida suka fara raɗa cewa mai motar na farko bai bar ta ita kaɗai ba. Famfon yana da baƙar hula wadda ta tsage, an ɗaure ta da zare. Baffa na tsoron buɗe ta, kada ta wargaje a hannunsa.

Ana gobe kasuwa, ina kwance a ƙasa ina miƙa masa kaya, kiyashi suka cije ni a wuya. Na bi su da ido. Layi suka yi, sun hau taya, sun shiga cikin injin, suna ɓacewa a tsagar hular nan. Na nuna wa Baffa. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai taɓa jin kiyashi na shan isansi ba. Ya yi bismilla ya kwance zaren.

A ciki akwai wasu ƙananan harsunan ƙarfe da ke haɗuwa suna rabuwa, su ke yin ƙarar. Wani abu rawaya mai danƙo ya lulluɓe su. Haka ma gindin notin wayar da ke mai da wuta jikin mota, don wuta in ta shiga sai ta sami hanyar fita. Baffa ya lakato ya shinshina, ya kai mini hanci. Ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Kafin in buɗe baki ya kama kunnena. Ina rantsuwa ba ni na sa ba, yana murɗawa. Kakata, wadda muke kira Tsohuwa, tana zaune a inuwar itacen bedi tana kaɗi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sakar mini kunnen maigida," in ji ta. "Je ka shinshina garmar ubanka."

Ashe Tsoho ne. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, yakan bi kowane ƙarfe na gidan da man gyaɗa da gashin kaza, garma, lauje, gatari, har sakatar ƙofa, don kada tsatsa ta ci. Tsohuwa ta ce tun farkon bazara, in ya dawo daga asuba Baffa na barci, sai ya buɗe kan motar yadda ya ga ana buɗewa, ya bi duk inda ya ga ƙarfe, ya ɗiga a kowace tsaga.

Baffa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Can ya tashi, ya wanke harsunan da isansi, ya yago kwalin sukari yana zura shi tsakaninsu har ya fito fes, ya kankare gindin notin da wuƙa sai da ya yi ƙyalli. Ya murɗa makulli. Ƙarar ta zo da sauri, tana raguwa a hankali har mai ya cika. Injin ya tashi, bai mutu ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Gobe da asuba Tsoho zai dawo da gashin kazarsa, kuma a gidanmu ɗa ba ya duban ubansa ya ce ka yi ɓarna. Baffa ya roƙi Tsohuwa ta yi magana, ta ce ita ba ta ga komai ba. Bayan la'asar ya je ya durƙusa gaban Tsoho, ni ina bayansa.

"Baba, ƙofofin motar nan kuka suke yi, ni kuma ban iya sa mai ba. Cikin kanta dai na gama da shi, na rufe."

"Wa ya ce maka ina taɓa ta?"

Tsoho ya ja carbi, ya ja, sannan ya ce, "Maƙera ba sa son ƙarfe mai tsatsa. Shi ke nan."

Da gari ya waye na laɓe bayan tsohon rumbu. Tsoho ya zo da ɗan ƙoƙonsa, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya a gaban motar, ya ɗora hannu a kan murfin. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya goge hannun a rigarsa ya wuce zaure.

Maƙera suka iso da gudumominsu suka tarar da ita tana hayaƙi. Babbansu ya ce haba, an hana matan gari hauyar bana. Na ɗage danga, Baffa ya fitar da ita, yaran unguwa na bin ta da gudu. Tsoho bai waiwaya ba, yana ta auna gindin rumbunsa da ƙafa.

Har ya rasu ban san ko don maƙera ya shafa man nan ba, ko don ɗansa. Yanzu motoci sun yi yawa, ranar kasuwa har ba ka samun wurin wucewa, ba kuma yaron da ke bin su da gudu. Ni ma a cikinsu nake yawo, yau Kance, gobe Damagaram, ban iya kwana uku a gari ɗaya. Baffa kuwa motar ta kai shi Daura, ta kai shi Kano, ya yi aure can. Da farko yana zuwa duk kasuwa, ya koma sai da salla, ya koma sai in an yi rasuwa. Na roƙi Allah motar ta tashi don Baffa ya zauna. Ta tashi, ya tafi a cikinta, kuma da hannuna na buɗe masa hanya.